Turken Bakin Ruwa

Duk wanda ya yi sakandare a Yelwa gab da a ba mu jihar Kebbi ya san Malam Sahabi Cindo, malamin aikin gona. In bai san shi don komai ba, ya san shi don warin albasa. Yara kan ce tun kafin a ji ƙarar babur ɗinsa hanci ke ba da labarin zuwansa. Shi kuwa ko a jikinsa. In tsegumin ya iso kunnensa sai ya ce warin nan shi ya kai shi jami'a, kowa ya je ya nemi nasa. Dogo ne, mai saurin tafiya da saurin baki, kuma na biyun nan shi ne aibinsa. Ba maƙaryaci ba ne, Allah ya sani. Abin da yake fata ne ba ya iya barinsa ya nuna a ciki, sai ya faɗe shi kamar an riga an gama.

Bagunge ne, ɗan ƙabilar da ke zaune a tsibiran kogi, haihuwar tsibiri. Yana ɗan shekara shida aka rufe dam ɗin Kainji, ruwa ya fara hawa, aka kwashe su a jirage aka sauke su a wata sabuwar tunga a gaɓar tafki, mil takwas daga Yelwa, cikin gidajen simintin nan masu ƙusumbin rufi da ke dafa mutum da rana. Sahabi bai riƙe komai na tsibirin ba. Gungancinsa ma, wato yarensu, bai wuce gaisuwa da zagi ba, har ubansa ya gaji ya koma yi masa Hausa. Uban, wato Cindo, shi ne ya taho da tsibirin a zuciya. A hannu kuwa abu biyu ya ɗauko bayan iyali: irin albasa a cikin gora, da turken icen kirya da ya tumɓuke daga iyakar gonarsa.

A tsibiri gaɓa ta ishi kowa. A sabon wuri bakin ruwan da albasa ke so bai ishi rabin gari ba, sauran duk tsakuwa ce. Sai dattawa suka zauna suka yanke magana, cewa bakin ruwa na mai ba shi ruwa ne. Ba a sayarwa, ba a haya, ba a ɗauko ɗan ƙodago. Gidan da ya kafa turke, da hannun mutanen gidan zai dasa, da hannunsu zai yi ban ruwa safe da yamma har a cire. Sun yi haka ne don kada attajiran Yelwa su saye gaɓar su mayar da masu ita leburori, kuma ni ban ga laifinsu ba. Wanda ya ga ba zai iya ba, shi da kansa zai je ya cire turkensa a gaban mai gari kafin lokacin dashe ya wuce, a ba gidan da ke jira. Wanda kuwa ya dasa ya bar albasa ta mutu da ƙishirwa, ba a jiran ya cire, cire masa ake yi, kuma da wannan ake goranta wa jikokinsa. Ko ta wace hanya turke ya fita, ba ya komawa.

Shekara ashirin da huɗu turken Cindo na tsaye a wuri guda. Da albasar wurin aka aurar da 'ya'yansa mata uku zuwa ƙetaren ruwa, da ita Sahabi ya yi firamare da sakandare har ya je Sakkwato ya yo digiri. Kafin ya gama bautar ƙasa, ciwon nan da ƙananan ƙudajen bakin ruwa ke sawa, wanda ke farawa da ƙaiƙayi ya ƙare a ido, ya ci ƙarfin ganin tsohon. Mahaifiyarsa Inna Hajara kuma bayanta ya riƙe, ba ta iya sunkuyawa. Don haka da aka ba Sahabi aikin koyarwa a Yelwa, aka nuna masa ɗaki a gidajen malamai, sai ya ce ya gode. A tunga ya zauna. Da asuba shi ne a gaɓa da ƙwarya biyu, yana ɗebo ruwa yana bin shukar albasa fangali fangali, Cindo na biye yana taɓa ƙasa da yatsa ya ce nan bai ji ba. Daga nan Sahabi ya yi wanka ya hau babur. Da la'asar a sake. Aure ma ya ce sai ya ƙaro karatu, abin da ya sa Inna ta daina yi masa maganar, ta koma kai ƙara wurin Allah.

Karatun nan ba na alfahari ba ne kawai, kodayake akwai ɗan alfaharin a ciki. Tun yana yaro yake ganin albasar da aka sha wahalarta tana ruɓewa a wurin ajiya kafin ta yi daraja, wata shekarar kashi ɗaya cikin uku sai a zubar. Yana son ya san dalili, yana kuma da tabbacin shi ne zai gano. Ga shi an ƙirƙiro sabuwar jiha, ofisoshi a Birnin Kebbi fayau ba mutane, abokan karatunsa sai hawa suke yi kamar ana tura su daga baya. Ya ce shi ba zai bi layin roƙo ba, da takarda zai shiga. A farkon 1992 ya cike fom ɗin digiri na biyu na wata jami'a da ke kudu, tafiyar yini guda, ya saka a gidan waya da hannunsa.

Daga nan zaman jira ya fara. Motar wasiƙu Talata da Juma'a take shigowa Yelwa, kuma ranakun nan biyu ko masinjan makaranta bai isa ya riga Malam Sahabi zuwa gidan waya ba. Ya karɓe makullin akwatin makaranta ya haɗa da na babur. Ya buɗe, ya duba, ya sake dubawa, ya leƙa ta cikin akwatin ya tambayi ma'aikacin ko wata ta faɗi ƙasa. Wani lokaci ya kwana biyu yana damun kansa da cewa a adireshin ya rubuta Kebbi, alhali mutanen kudu wataƙila har yanzu Sakkwato suka sani. Da damina ta yi tsaka sai malaman jami'a suka shiga yajin aiki, komai ya tsaya cik. Ya sayi sabon batir ya zauna gindin rediyo kamar mai jiran ganin wata. Aka janye yajin aikin, aka koma, shiru dai. Abinci ya daina yi masa daɗi, a aji ya riƙa yi wa yara faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Albasa kuwa ba ta san da yajin aiki ba. Da ruwan sama ya ɗauke, tafki ya cika ya tsaya, suka yafa iri kamar kullum. Iri kwana arba'in yake so, in ya wuce da yawa sai ya tsufa, a dasa ya yi ta tsawo bai yi kai ba. Cindo ba ya gani, amma yakan tsuguna ya shafa ganyen ya san kwanansa. Bai taɓa tambayar ɗansa labarin takarda ba, don yana jin nauyinsa irin na ɗan fari, ko sunansa ba ya faɗa, Malam yake ce masa. Ranar da iri ya kwana talatin ne ya ɗago kai daga shafar ganye ya ce:

"Malam, iri ya kusa isa dashe. Kana nan, ko kana tahiya?"

Sahabi ya gane abin da ake tambayarsa. In yana nan, a dasa. In zai tafi, babu mai ban ruwa, kuma gara a sani tun yanzu. Ya ce a ba shi kwana uku. Washegari ya nemi izinin shugaban makaranta, ya hau motar Kwantagora, daga can ya yi kudu.

A jami'ar ya yini yana hawa bene yana sauka kafin ya sami sakataren sashen, wani dattijo mai tabarau wanda ya ji tausayin nisan da ya yo. Ya jawo fayil ya nuna masa takarda mai sunaye bakwai, na Sahabi ne na huɗu. Ya ce masa sashe ya amince da su, amma saura babban kwamiti ya zauna, kuma sai abin da kwamiti ya ce. Mutumin nan bai rage masa komai ba, har sau biyu ya maimaita. To amma hanya na da tsawo, Sahabi kuma shi kaɗai ne da zuciyarsa. Kafin su kai Kwantagora kwamitin ya zama sa hannu kawai. Kafin su shigo Yelwa ya fara tunanin wace riga zai sa ranar farko.

Ranar Juma'a ya iso tunga, daidai an sauko daga masallaci, jama'a na gindin tsamiya. Wani ya tambaye shi yaya hanya, yaya kuma abin da aka je nema. Da ya ce ana nan ana jira, da shi ke nan. Amma ido ya yi masa yawa, ga mutanen da suka daɗe suna cewa boko bai tsinana masa komai ba sai babur. Sai ya ji bakinsa ya ce an ɗauke shi, sunansa ne na huɗu, takarda ce kawai ba ta iso ba. Aka ɗauki barka da arziki, mai gari ya sa liman ya yi addu'a. Cindo na zaune a gefe da sandarsa yana ta shafa gemu, fuskarsa ta yi wani haske da Sahabi ya daɗe bai gani ba.

Wannan hasken ne ya hana shi gyara maganar. Asabar ya yi niyya, ya ga tsohon na ba baƙi labari, ya fasa. Lahadi ya ce a ransa ai ba sai an tayar da hankali ba, za a dasa ranar Laraba, in takarda ta zo a san dabara. Wace dabara, shi ma bai sani ba. Mai digiri a aikin gona, amma ya manta da cewa ubansa ya fi shi sanin abin da ke bayan dashe.

Ranar Litinin da la'asar ya dawo daga makaranta, ya ajiye babur ya gangara gaɓa don ya yayyafa wa iri ruwa. Tun daga nesa ya hangi mutane a wurinsu. Jabiru ne, maƙwabcinsu mai 'ya'ya maza biyar wanda ya shekara tara yana jiran bakin ruwa, shi da gidansa duka sun sunkuya suna dashe. Inda turken kirya yake, rami ne, a gefensa an kafa sabon ice ɗanye. Jabiru ya miƙe ya goge hannu ya zo yana ta godiya. Ya ce da hantsi Inna ta jawo Baba har gaban mai gari, aka gangaro, Baba ya girgiza turken ya cire da kansa, ya kuma ce irin ma a ɗauka, kada ya tsufa a banza. Sahabi ya amsa godiyar, bai san da wane baki ba.

Ya tarar da tsohon a zaure, turken na jingine a bango.

"Baba, don mi ba ka jira ni ba?"

"Jiran mi, Malam? Kai kac ce an ɗauke ka, gaban jama'a. In munka dasa kat tahi, wa ka ba ta ruwa? Ni da ban ganin ƙwarya? Gara in cire da hannuna da a cire mani." Sa'an nan ya ƙara da cewa, "Ka tahi da zucciya guda. Ban son kana can kana tunanin albasa."

A nan ma Sahabi bai faɗi gaskiya ba. Me faɗar za ta gyara? Magana zarar bunu ce, turke kuma ya riga ya fita. Abin da ya rage masa shi ne takardar ta zo ta mayar da maganarsa gaskiya.

Jiran da ya yi a baya wasa ne a kan wanda ya biyo. Da can in akwati ya zama fayau, akwai ƙwarya da ke jiransa, ya yi ta ɗibar ruwa har gajiya ta kashe tunani. Yanzu da asuba yakan farka ya rasa inda zai sa hannunsa. Yana kwance zai ji tsohon ya tashi a lokacin da ya saba, ya laluba sanda, ya kai bakin ƙofa, sai ya tuna, ya dawo ya zauna. Kowace safiya haka. A gari kuwa an sa masa suna Mai Tafiya, mata na aiko wa Inna da busasshen kifi da daddawa wai guzuri. Ya rame, ya riƙa zuwa gidan waya har ranakun da ya san mota ba ta zuwa. Ya yi sadaka, ya yi azumin Litinin da Alhamis, shi da bai cika damuwa da nafila ba. Tsoro yake ji, irin wanda bai taɓa ji ba.

Ranar Talata ta huɗu ambulan ɗin ya zo, mai ruwan ƙasa, siriri. Bai buɗe a gidan waya ba. Ya tura babur zuwa bayan wani shago ya yage. Layi biyar ne. Suna baƙin cikin sanar da shi cewa malamin da zai duba bincikensa ya ajiye aiki ya bar ƙasar, sashen ba shi da wani a wannan fanni, don haka kwamiti bai amince da ɗaukarsa ba a bana. Yana iya sake nema baɗi. Ya karanta sau uku, babu wanda zai zaga a ciki. Ba wanda ya ci amanarsa, ba wanda ya karɓi na goro ya sa ɗan wani. Shi ne ya riga malam masallaci, ga shi ba tsuntsu ba tarko.

A hanya ya yi ta saƙawa da kwancewa. Ya je ya faɗi gaban mai gari? Mai gari ba shi da ikon mayar da turke, ko yana da shi, albasar Jabiru ta riga ta kama ƙasa ta yi kore. Ya yi shiru ya ce takarda ba ta zo ba? Har yaushe? Da ya iso ya sami tsohon shi kaɗai a zaure, Inna ta shiga maƙwabta. Ya durƙusa kusa da shi, ya faɗa masa komai tun daga sakatare mai tabarau har layi biyar ɗin, bai ɓoye nasa laifin ba.

Sahabi ya so a ce tsohon ya zage shi, ko ya ɗaga sandar ya buga masa, da ya fi sauƙi. Da Cindo ya buɗe baki, tambaya ya yi.

"Wa yas sani?"

"Ba kowa, Baba."

"To kada kowa shi sani, har innarka. Ni Cindo ban cire turke ga banza ba. Gaban mai gari nic ce ɗana za shi karatu, kuma haka za ta zamna. Shekara nawa akan yi?"

"Biyu."

"To biyu. Ka nemi wurin aikinka su maishe ka nesa, inda mutanenmu ba su cin kasuwa. In makaranta ta yi hutu ka zo, kamar yadda ɗalibbai ka zuwa."

Sahabi ya ce ba zai iya barinsa haka ba, ga ido babu, ga gona babu. Ya ce ya yarda ya tsaya gindin tsamiya ya faɗi cewa shi ya yi azarɓaɓi, a yi masa dariya, ai shi ya jawo. Tsohon ya ce dariyar ba a kansa za ta tsaya ba. Za a ce Cindo ya tsufa har ya ba da bakin ruwa a kan labarin da bai tabbata ba, za a riƙa nuna shi ana jawo shi a hanya, shi kuwa ba ya ganin mai nunin balle ya rama. Ya ce rashin gona zai iya ɗauka, wannan ne ba zai iya ba. Daga nan ya juya fuska bango, alamar magana ta ƙare.

Canjin wurin aiki bai yi wuya ba. Sabuwar jiha na neman malamai ido rufe, wanda ya ce da bakinsa a kai shi ƙauye kuwa ba a bari ya sake tunani. Cikin mako biyu aka ba shi wata makaranta can wajen Kangiwa, kusa da iyakar Nijar, inda ko rijiya sai an yi gaba ashirin. Ya roƙi shugaban makarantarsu ya rufa masa asiri, ya sayar da babur, ya ɗaure littattafansa.

Ranar tafiya rabin tunga ya fito. Inna ta yi kuka irin na farin ciki, ta cusa masa ƙullin kifi, ta ce ya kula da abincin mutanen kudu. Cindo ya kama hannunsa ya sa masa albarka da murya mai ƙarfi yadda kowa zai ji, bai ƙara ko kalma ɗaya a asirce ba. Jabiru kuwa ya rantse sai ya raka shi har tashar Yelwa, don a cewarsa arzikin Malam ne ya ba gidansa bakin ruwa. Shi ya ɗauki akwatin a ka, shi ya nemo motar Kwantagora, ya sama masa kujerar gaba, ya tsaya yana ɗaga hannu har motar ta fita. Sahabi ya zauna ana tafiya da shi kudu, inda ba a kira shi ba.

A Birnin Yauri ya ce wa direba ya yi mantuwa, ya sauka da akwatinsa da ƙullin kifinsa, ya tsallaka titi ya tsaya. Ya fi awa biyu kafin motar Jega mai zuwa arewa ta zo, kuma ba ta da wata hanya sai ta tsakiyar Yelwa. Ya nemi kujerar baya can lungu. Da suka doshi gari ya jawo hula ya rufe fuska, ya kifa kai a kan gwiwa kamar mai zazzaɓi. Motar ta tsaya a bakin kasuwa ɗaukar fasinja, yana jin muryoyin da ya sani suna ciniki dab da taga, har da ta Jabiru yana gaya wa wani cewa yanzun nan ya sa Malam a mota. Wata tsohuwa da ke kusa da shi ta taɓa kafaɗarsa ta tambaya ko lafiya. Ya ce mata lafiya lau, ta dai gaya masa in sun fita gari.